Ɗankwalin Mairama Ya Je Birnin Kudu

Masu karatu, ku gyara zama, yau laifin kaina zan faɗa muku, abin da duk wanda ya san ni ya san ba ɗabi'ata ba ce. Ni Raliya, autar Malam Ishiyaku maɗinki na garin Gwaram, an sha ce mini mai taurin kai, an sha ce mini mai girman kai, ban kuma taɓa musawa ba. Amma akwai ranar da na zube gwiwa biyu a tsakar gidan wata mata da ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa leƙawa ba, na ba ta haƙuri. A kan me? A kan ɗankwali.

A shekarar 1977 na dawo gida da takardar shaidar malanta, bayan shekara biyar a kwalejin horon malamai mata. Aka tura ni firamaren garinmu, ni kaɗai mace a cikin malamai tara. Abin da kunnena ya ji a shekarar nan, Allah kaɗai ya sani. In na wuce majalisar gindin durumi sai in ji ana cewa, "Ga 'yar Ishiyaku can mai takalmin maza." Na kan gaishe su har ƙasa, in miƙe, in ƙara taka takalmin da ƙarfi.

A kwaleji na koyi ƙwallon gora, wasan da ake kora 'yar ƙwallo da sanda mai lanƙwasasshen kai har a jefa ta tsakanin turaku biyu. Samarin garinmu sun daɗe suna buga irinsa da ƙwallon goruba a bayan gari. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne mace riƙe da sandar. Da na ce wa hedimasta Malam Salihu ina so in kafa ƙungiyar 'yan mata daga aji shida da bakwai, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, in iyayensu sun yarda ni ba ni da ta cewa. Amma ba za su yarda ba."

Gida goma sha tara na shiga. A wani gidan ko tabarma ba a shimfiɗa mini ba. A wani aka ce mini gudu yana hana mace haihuwa. Gida na tara shi ne na su Hajjo, wata siririyar yarinya mai gudu kamar barewa. Mahaifinta ya ce shi babu ruwansa, in uwarta ta yarda shi ke nan. Uwar, Mairama, tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, na yi ta zuba bayani a kan lafiyar jiki da tarbiyya, ko kallona ba ta yi ba. Da na gaji na yi shiru, sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe adudu, ta fito da wani ɗankwali ruwan ɗorawa mai 'yan furanni a gefe. Ta miƙo mini.

"In za a yi, waccan ta ɗaura wannan."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Labari ya zaga unguwa. Duk uwar da ta yarda, sai ta ciro ɗankwalinta ta ba 'yarta. Haka na sami 'yan wasa bakwai da ɗankwali bakwai, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa: na Hajjo ruwan ɗorawa, na Kubra shuɗi da ya koɗe har ya kusa zama fari, na Zahara'u ja mai walƙiya, akwai ruwan hoda, akwai ruwan goro, akwai baƙi mai ɗigo-ɗigo, akwai wani da har yau ban san sunan launinsa ba.

Filin makarantarmu yana bayan unguwa, katangun gidaje ne suka yi masa iyaka ta gabas. Matan aure ba sa fita, amma da la'asar in na busa usur, sai ka ga kawuna suna ɓullowa ta saman katanga ɗaya bayan ɗaya. Turmi suke kifawa su hau. In aka ci ƙwallo sai guɗa ta tashi daga gida zuwa gida. Ni kuwa a raina na ɗauka ni ake yi wa.

Ana cikin haka Malam Mika'ilu ya shigo rayuwata. Shi ne sakataren kwamitin wasannin makarantu na yankinmu, a Birnin Kudu yake zaune. Dogo ne, baƙi, da biro uku a aljihun gaba, yana hawan wata basfa, ƙaramin babur ruwan toka, da yake gogewa da hankici kafin ya goge fuskarsa. Mutum ne da ko gaisuwa zai yi sai ka ji kamar daga takarda yake karantowa. Ranar da ya zo duba filinmu ya tsaya ya kalli yarana suna gudu, ya ce:

"Malama, wannan ƙungiya ce ko rumfar mai ɗankwali ranar kasuwa?"

Na ce, "Malam, da kai ake buga ƙwallon ko da sanda?"

Ya yi dariya har biro ɗaya ya faɗo. Juma'ar da ta biyo baya sai ga basfa a ƙofar gidanmu. Tun daga nan kowace Juma'a bayan la'asar yana zauren Baba, ni ina daga bakin ƙofa, muna musu. Musu dai. Ban san yadda aka yi musun ya fara yi mini daɗi ba, har na kama kaina ina goge atamfata mai ganye tun ranar Alhamis.

Amma maganar rumfar nan ta zauna mini a ƙirji. Domin gaskiya, ni ma ina jin kunyar ɗankwalayen. A kwaleji tun daga kai har ƙafa iri ɗaya muke shiga fili, ka gan mu ka ga tsari. Ina so Birnin Kudu ta ga yarana haka, kada a ce 'yan ƙauye sun zo.

A gida kuwa Gwaggo Batulu, yayar Baba, ta sa ni gaba. Ita tun ranar da ta ga basfa ta gama ɗaura aure a zuciyarta.

"Shekara ashirin da biyu! Sa'o'inki 'ya'ya uku-uku gare su, ke kina bayan gari da sanda kamar mai kiwon awaki. Allah ya kawo miki mutum mai albashi, mai kunya, sai ki yi ta ce masa 'a'a, Malam, ba haka ba ne'. Ke wace irin yarinya ce? Namiji ana ce masa to, ko da a ciki ba to ba ne."

"Gwaggo, shi da kansa ya ce musun ne yake kawo shi."

"Ai kuwa musun ne zai mayar da shi."

Inna dai sai murmushi tana tankaɗe.

Wata ranar Litinin, Maikuɗi direban akori-kurar da ke jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu ya tsaya a bakin makaranta, ya miƙo mini ƙunshi da ambulan. A ciki akwai takardar kwamiti mai hatimi: an gayyaci ƙungiyarmu wasa da 'yan matan wata makaranta a Birnin Kudu ranar Asabar ta sama, bakwai-bakwai. Doka ta huɗu ta ce kowace ƙungiya ta ɗaura ɗankwali launi ɗaya a kai, wadda ta saɓa ba za ta shiga fili ba. A bayan takardar ya rubuta da jan biro:

"Malama Raliya, ga bakwai nan kore, ni na zaɓo su da hannuna a Kano. A rufe rumfa. Naki, M."

Na buɗe ƙunshin. Sababbi fil, kore shar, har da ƙamshin kanti. Wallahi sai da na rungume su. Da la'asar na tara yarana na raba musu, na ce:

"Daga yau wannan za ku riƙa ɗaurawa. Waɗancan kowa ta mayar wa uwarta, an gama da kwashe-kwashe. Birnin Kudu za mu, ba tallan fura ba."

Ku ji fa abin da bakina ya faɗa. Yaran suka dubi juna. Hajjo ta kwance ruwan ɗorawar a hankali, ta ninke shi huɗu, ta sa a cikin rigarta.

Wasan ranar bai yi kyau ba. Hajjo ta saba in tana gudu kanta a ƙasa, da gefen ido take hango ja ta san Zahara'u ce, ta hango shuɗi ta san Kubra ce. Yau kowa kore, sai ta riƙa tsayawa tana ɗaga kai tana neman fuska, kafin ta gane an ƙwace ƙwallon. Na ce za su saba. Abin da ban kula da shi ba sai daga baya: an ci ƙwallo har sau biyu, guɗa ko ɗaya ba ta tashi ba. Da na waiwaya katanga, kawunan sun ragu. Kafin mu tashi babu ko ɗaya.

Talata yara huɗu suka zo fili. Laraba biyu. Ranar Alhamis na tsaya ni kaɗai da usur a wuya da sanduna bakwai a ƙasa, samari suna wucewa suna dariya. A aji kuwa duk suna nan, kowa ta sunkuyar da kai. Na tsare Kubra.

"Me ya hana ku zuwa?"

"Inna ce ta ce tunda an dawo mata da ɗankwalinta, an dawo mata da 'yarta ke nan."

Raina ya ɓaci. Saura kwana tara wasa, ga sunanmu a takarda mai hatimi, ga majalisar durumi tana jira ta ce dama mun faɗa. In ƙungiyar nan ta mutu, na san ba za a sake ba wata mace sanda a garin nan ba, ko bayan shekara ashirin. Na ɗauki gyale na nufi gidan su Hajjo, da niyyar in koya wa Mairama abin da ake kira tsari.

Na same ta tana sussukar dawa. Na gaishe ta a tsaitsaye, na fara: doka ce, daga sama ta zo, haka ake yi a ko'ina, sabon ɗankwali ne kyauta, mene ne abin fushi? Ta bar ni na gama. Sannan ta jingine taɓarya, ta share gumi da haɓar zane.

"Malama, ke auta ce ko?"

"Eh, Yaya Mairama."

"Shi ya sa. Sunanki a bakin innarki yake tun safe har dare. Waccan kuwa ta fari ce."

Sai a lokacin na lura. Tunda nake da ita ban taɓa jin ta ce Hajjo ba. Waccan, yarinyar nan, 'yar gidan nan. Kunyar ɗan fari, abin da na sani tun ina goye, amma ban taɓa tsayawa na auna nauyinsa ba.

Ta ce, "Shekara goma sha uku ban kira sunanta ba. Ban yabe ta a gaban mutane ba, ban ɗauke ta a gaban surukai ba. In ta yi abin kirki, haɗiyewa nake yi. Amma in na hau turmin nan na ga ruwan ɗorawa ya wuce kowa, sai in ce wa maƙwabciyata, ke, dubi ɗankwalina yana gudu! In ya ci, in ce ɗankwalina ya ci, in rangaɗa guɗa. Wa zai ce na yi rashin kunya? Ɗankwalina nake yabo."

Ta ɗauki taɓaryar, ta sake ajiyewa.

"Ran Litinin na hau, na ga kore bakwai. Idona ba ya kai wa fuska daga nan. Na rasa wacce ce. Sai ga shi an dawo mini da shi a ninke, wai an gama da kwashe-kwashe. Malama, ni Birnin Kudu sau ɗaya na taɓa zuwa, a kwance, asibiti aka kai ni. Na ce to, bana ko ban je ba ɗankwalina zai je a tsaye."

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba, a cikin ƙaiƙayin dawa, da atamfata da komai.

"Yaya Mairama, na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Tashi, tashi, kada a shigo a ga malama a ƙasa." Ta kama hannuna. "Boko ne ya yi miki yawa, ba mugun hali ba."

Gida bakwai na bi a kwana biyu, a kowanne na durƙusa. Uwar Zahara'u sai da ta sa na maimaita ban haƙurin sau biyu, wai na farko ba ta ji ba, injin niƙa yana ƙara. Babu injin niƙa a unguwarsu. Ranar Asabar na busa usur, launi bakwai suka shigo fili, kawuna suka dawo kan katanga.

Saura Mika'ilu. Juma'ar nan bai zo ba, yana can yana shirin wasa. Na rubuta masa ta hannun Maikuɗi: "Malam, za mu zo, amma da ɗankwalayenmu. Dalilin ya fi ƙarfin takarda, sai mun haɗu." Amsa ta dawo ranar Talata, da baƙin biro wannan karon:

"Malama, doka ta huɗu ni na rubuta ta, mutum goma sha ɗaya suka sa hannu. Ba zan karya ta don ke ba, don kada a ce don ke ne. Ki yi tunani."

Tsautsayi ya sa na bar takardar a kan keken ɗinkin Baba, wani ɗan maƙwabta ya karanta wa Gwaggo. Ta same ni ina wanke sanduna a bakin rijiya.

"Raliya! Kyautar saurayi za ki mayar? Mutum ya je har Kano ya zaɓo da hannunsa, ki watsa masa ƙasa a ido a gaban manyansa, saboda tsummokaran matan unguwa? In ya tafi wa zai zo? Wa yake son mace mai usur?"

"Gwaggo, in ɗankwali bakwai za su kore shi, gara su kore shi tun yanzu."

"La ilaha illallahu! Ishiyaku, kana jin 'yarka?"

Baba bai ɗaga kai daga keke ba. Ya ce, "Ina ji, Yaya. Ke ta ɗauko."

Na faɗi maganar da ƙarfi, amma kada in yi muku ƙarya, da na shiga ɗaki sai da na zauna a bakin gado na daɗe ina kallon jan rubutun nan na farko. Naki, M. Ina son mutumin nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ku ne na farko.

Ranar Asabar da sassafe muka hau akori-kurar Maikuɗi, ni da Malam Salihu a gaba, yara a baya suna waƙa. Da muka wuce garin Kiyako na sa aka tsaya, na ce kowa ta fito da korenta ta yi ɗamara da shi a ƙugu, ta tamke sosai. Ɗankwalin uwa a kai, na kwamiti a ƙugu. Iyakar dabarar da na iya ke nan.

Filin Birnin Kudu ya cika. An ja layi da farar ƙasa, an jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. 'Yan ɗaya makarantar suka fito, fararen riguna, jajayen ɗankwalaye iri ɗaya, har ɗaurin iri ɗaya. Gaskiya sun yi kyau, sai da zuciyata ta motsa. Da nawa suka sauko daga mota, na ji wani ya ce, "Kai, 'yan biki ne suka ɓata hanya?"

Mika'ilu ne alƙalin wasa. Ya taho da farin wando da takarda a hannu, fuskar nan babu wasa. Malamin ɗaya ƙungiyar yana biye da shi yana cewa, "A ba mu wasa kawai, sun karya doka."

"Malama Raliya, barka da zuwa. Doka ta ce a kai."

"Na karanta, Malam. Ga korenka a ƙugu, duk wanda ke da ido zai gane ƙungiyarmu."

Ya ja ni gefe kaɗan, ya rage murya. "Kin ɗauka don ado na yi dokar nan? Dubi yarinyar can mai ja, ɗankwalinta sai walƙiya yake. Dubi ta kusa da ita, nata ya koɗe har ana ganin kitsonta. Kowa a filin nan ya riga ya san 'yar wa ke da hali, 'yar wa ba ta da shi. In kai ya zama ɗaya, babu mai sanin wannan. Ni na yi makaranta da riga ɗaya, Raliya, na san abin da nake faɗa."

Karo na farko ke nan da ya kira sunana babu Malama. Kuma maganarsa gaskiya ce, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na kira Kubra.

"Kubra, kina so ki canza naki da kore? Babu mai yi miki faɗa."

Ta dafe kanta da hannu biyu kamar za a fizge. "A'a, Malama. Na Inna ne. Ta ce in kula da shi, da shi aka kai ta ɗaki."

Sai na gaya masa. Na gaya masa turmi, na gaya masa katanga, na gaya masa matar da shekara goma sha uku ba ta kira sunan 'yarta ba, sai dai ta ce ɗankwalina ya ci. Na ce, "In ka ce su cire, ba zan sa su cire ba. Za mu hau mota mu koma, ba kuma zan riƙe ka a zuciya ba. Amma ni ba zan sake mayar wa matan nan da kayansu a ninke ba."

Ya daɗe yana kallon ruwan ɗorawar da ke kan Hajjo. Can ya ce, kamar ba da ni yake ba:

"Ni ma na fari ne. Har yau 'mai babur' take ce mini."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bayan birukan. Ya juya wurin malamin nan ya ɗaga murya yadda 'yan rumfa za su ji: "An yi dokar ne don alƙali ya bambance ƙungiya. Ni ne alƙali, kuma ina bambancewa. Wanda bai gamsu ba ya rubuto wa kwamiti, ni zan amsa." Ya busa usur.

Kada ku zaci mun ci. Yaran nan sun fi mu sanin fili, kafin hutun rabin lokaci sun jefa mana biyu. Amma bayan an dawo, Kubra ta ƙwace ƙwallo a tsakiya, ta tura wa ja, ja ta tura gaba ba tare da ta ɗaga kai ba, sai ga ruwan ɗorawa ya fito kamar an harba shi daga baka. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta buga. Ƙwallo ta shige tsakanin turaku. 'Yan kallon da ba su san sunan kowa ba suka ɗauka: "Mai ruwan ɗorawa! Mai ruwan ɗorawa!" Ni kuwa, malama guda mai takardar shaida, na saki guɗa a gaban rumfar manya. Biyu da ɗaya aka tashi. Mika'ilu ya gaisa da Malam Salihu, ya hau basfarsa, bai ce mini komai ba.

Kafin magariba muka iso gida. Ban wuce ko'ina ba sai gidan su Hajjo, ita tana biye da ni. Mairama tana bakin murhu, ta ba mu baya.

"Yaya Mairama, an cinye mu biyu da ɗaya. Amma ɗayan nan, ɗankwalinki ne ya ci. Duk Birnin Kudu sai da ta kira shi."

Muciyar ta tsaya a cikin tukunya. Ba ta juyo ba. Ta sa haɓar zane ta goge ido, ta ce hayaƙi ne.

"Ai dama ɗankwalin mai kyau ne," in ji ta. "Tun yana sabo na san zai yi abin kirki."

Hajjo tana tsaye a bayana, ta sunkuyar da kai tana murmushi har kunne.

Juma'a ta zo, basfa ba ta zo ba. Na goge atamfa a banza. Gwaggo ta wuni tana zagaya ni tana waƙar habaici, wai mai usur ta busa ta kori tsuntsunta. Na daure, na ci tuwona, na je fili ranar Asabar kamar babu komai. Yara goma sha ɗaya na tarar, huɗu sababbi, kowace da ɗankwalin uwarta.

Ranar Laraba ina dawowa daga makaranta na tarar da Maikuɗi ya ajiye mini ƙunshi a zaure. Ƙarami ne, an naɗe shi da tsohuwar jarida. Gwaggo ta riga ta zauna a kusa da shi kamar mai gadi. Na fara buɗe takardar. Jan biro.

"Malama Raliya, kwamiti ya kira ni, na sha faɗa, shi ya hana ni zuwa. Sun ce za a sake duba doka ta huɗu a zaman wata mai zuwa, kuma ke za ki zo ki yi musu bayani da bakinki. Na ce musu su shirya. Na biyu: na je gida na ba tsohuwa labarin turmi. Sai ta tashi ta buɗe adudu. Ta ce a kai wa mai usur. Jibi Juma'a ina tafe. Daga nesa zan duba kanki, in san ko in tsaya ko in wuce."

Na warware jaridar. Wani tsohon ɗankwali ne shuɗi mai ratsin fari, ya sha wanki har ya yi laushi, yana ƙamshin turaren wuta da adudu.

Gwaggo ta leƙo ta taɓe baki. "Wannan tsumman fa? Daga sababbi bakwai an dawo tsoho ɗaya? Kin gani ko, kin jawo ya raina ki."

Inna ta ajiye rariya, ta zo ta karɓi ɗankwalin, ta juya shi, ta shinshina. Ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba.

"Yaya Batulu, wannan ba daga kanti ya fito ba," in ji ta. Ta ɗora mini shi a tafin hannu, ta rufe da nata. "Auta, kin dai san abin da ake nufi in uwa ta ba da ɗankwalinta. Ke kika koya wa garin nan. In kin ɗaura, kin ɗaura ke nan."

Na shiga ɗaki na tsaya a gaban madubi, ɗankwalin a hannuna. Ni da ban taɓa jin tsoron majalisar durumi ba, ban ji tsoron rumfar manya ba, sai ga ƙyalle ɗaya ya tsayar da ni cak. Saura kwana biyu basfa ta shawo kwanar gidanmu, mai ita yana miƙa wuya tun daga nesa.